Shimfiɗar Zane da Idon Mai Karatu: Misali daga Salsalar Sarakunan Katsina

 

Abin da za a tattauna a wannan lacca ƙaramin abu ne a ido, har mai yiwuwa wani ya ga bai isa a tara jama'a dominsa ba. Shi ne irin zanen nan da akan yi da ɗigo da layi, watau a rubuta sunaye bisa takarda, sa'an nan a ja layi tsakanin kowaɗanne biyu da wata alaƙa ta haɗa. Da irinsa ake nuna salsalar sarakuna, da hanyoyin fatake, da jerin muƙamai a ma'aikata, da yadda wayar lantarki ta ratsa unguwa, da yadda annoba ta bi gida gida. A nan za a riƙa kiransa zanen dangantaka. Maganar da ake son kafawa kuwa ita ce, kowane zanen dangantaka baki biyu gare shi. Bakin farko shi ne layukan, su ne ilmin da mai zane ya tattaro. Baki na biyu shi ne shimfiɗa, watau wurin da ya ajiye kowane suna: wa ya ɗora sama, wa ya sa tsakiya, wa ya tura gefe. Sau da yawa mai zane bai nufi kome da shimfiɗarsa ba, faɗin takarda ne kawai ya tilasta masa. Amma ita idon mai karatu yake fara kamawa, ita ce kuma ke zama a ransa bayan ya rufe littafi. Hausawa kan ce gani ya kori ji. To, idan abin da aka gani ɗin hannun mutum ne ya jera shi, ya kamata a bincika abin da ya kora.

A wurin masana lissafi, shimfiɗa ba ta da ma'ana ko kaɗan. Tushen wannan ra'ayi yana komawa ga Leonhard Euler, mutumin Suwizalan, wanda a 1736 ya warware wata tambaya ta mutanen birnin Konigsberg, wanda yanzu ake kira Kaliningrad. Kogi ya raba birnin kashi 4, gadoji 7 suka haɗa su, mutane kuma suna tambaya ko zai yiwu a zaga gari a haye kowace gada sau ɗaya tak. Euler ya nuna ba zai yiwu ba, kuma hujjarsa ba ta dubi tsawon gada ko kusurwar da take ba. Abin da ya ƙidaya kawai shi ne gada nawa ta taɓa kowane yanki. Daga nan aka sami ka'idar da ake bi har yau: muddin layukan ba su sake ba, zane bai sake ba, ko an miƙe shi, ko an lanƙwasa shi, ko an kifa shi.

Idon ɗan Adam bai san wannan ka'ida ba. Alal misali, a ɗauki ƙofofin ganuwar Katsina bakwai da kowa ya sani, Ƙofar Ƙaura, da Ƙofar Ƙwaya, da Ƙofar 'Yanɗaka, da Ƙofar Guga, da Ƙofar Sauri, da Ƙofar Durɓi, da Ƙofar Marusa. A ja layi tsakanin kowace ƙofa da maƙwabtanta biyu na jikin ganuwa. Idan aka jera su kamar zobe, duk wanda ya duba zai ce ƙofofin daidai suke da juna. Sai a jawo ɗaya daga cikinsu zuwa tsakiyar takarda, a bar mata layukanta biyu yadda suke. Ba a ƙara mata kome ba, ba a rage wa sauran kome ba, amma mai dubawa zai ce wannan ita ce uwar ƙofofi. Ya karanta wurin zama, ya manta bai ƙidaya layi ba.

An gwada wannan al'amari a aikace. A 1997 wasu masana uku a Amurka, Cathleen McGrath da Jim Blythe da David Krackhardt, suka ɗauki zanen dangantakar wasu mutane guda ɗaya, suka shimfiɗa shi iri 5, suka nuna wa ɗaliban jami'a 80, kowane ɗalibi ya ga iri 3. Suka riƙa tambayarsu wane ne ya fi fice a cikin mutanen, wane ne ke sada ɓangare da ɓangare, ƙungiya nawa ce a ciki. Amsoshin suka riƙa sakewa tare da sakewar shimfiɗa, alhali layukan su ne dai ba su motsa ba. A wannan shekara kuma Helen Purchase, a Jami'ar Queensland ta ƙasar Ostareliya, ta auna abubuwan da ke sa zane ya yi saurin karantuwa. Ta tarar babu abin da ya kai gicciyar layuka wahalar da mai karatu: yawan wuraren da layi ya haye layi, yawan kuskure da ɓata lokaci. Lanƙwasar layi da daidaituwar ɓangarori suna da nasu tasiri, amma bai kai wannan ba. A riƙe wannan magana ta gicciya, domin za a dawo gare ta. Tun kafin su duka, a 1923, Bajamushe Max Wertheimer ya bayyana cewa ido yakan tara abubuwan da ke kusa da juna ya mai da su ƙungiya ɗaya, tun hankali bai kai ga tambayar dalili ba.

Yanzu sai a dawo gida, a dubi jerin sarakunan Katsina. Hanyar da aka fi sabawa da ita, a littattafan makaranta da kalandu da takardun bukukuwa, ita ce a jera sunaye daga sama zuwa ƙasa, kowane suna ƙarƙashin wanda ya gabace shi, wani lokaci har da kibiya a tsakani. Sarakunan Dallazawa takwas ne. Ummarun Dallaje ya hau a 1807 ya rasu a 1835, sai Siddiku, sai Muhammadu Bello a 1844, sai Ahmadu Rufa'i a 1869, sai Ibrahim a 1870, sai Musa a 1882, sai Abubakar a 1887, sai Yero wanda Turawa suka tuɓe a 1906. Ɗalibin da ya ga waɗannan sunaye a miƙe cikin layi guda, zuciyarsa za ta ba shi cewa uba ne ke bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Akwai ma dalilin da ke ƙara masa ƙarfin zato, domin kuwa daga 1906 zuwa yau haka abin yake a gidan Sulluɓawa: Muhammadu Dikko ya bar wa ɗansa Usman Nagogo a 1944, shi kuma ya bar wa ɗansa Muhammadu Kabir a 1981, shi kuma ya bar wa ɗansa Abdulmumini a 2008. Miƙaƙƙen layi ya faɗi gaskiya a gindin takarda, sai ido ya ɗauki wannan gaskiya ya hau da ita har sama.

Ga Dallazawa kuwa, layin ya ɓad da labarin gaba ɗaya. Siddiku da Muhammadu Bello da Ahmadu Rufa'i da Musa duk 'ya'yan Ummarun Dallaje ne. Ibrahim ɗan Bello ne, saboda haka Musa da aka rubuta a ƙarƙashinsa baffansa ne. Abubakar ɗan Ibrahim ne, Yero kuwa ɗan Musa. Idan aka sake shimfiɗa sunayen nan a siffar bishiya, Ummaru a sama, 'ya'yansa huɗu a jere, jikoki ƙarƙashin iyayensu, nan take wani abu zai fito fili wanda layi ya ɓoye. Daga 1870 zuwa 1906 sarauta tana kai da komo ne tsakanin gidaje biyu: Ibrahim daga gidan Bello, Musa, Abubakar daga gidan Bello, Yero daga gidan Musa. Wanda bai ga wannan ba, da wuya ya fahimci siyasar fadar Katsina a jajibirin zuwan Turawa, balle yadda Bature Palmer ya sami ƙofar da ya bi har Durɓi Muhammadu Dikko ya zama sarki.

Sai dai kada a yi saurin yabon bishiya, domin ita ma tana da nata ruɗu. A bishiya, Abubakar ne zai zo can ƙasa, tun da shi tattaɓa-kunnen Ummaru ne, Yero kuwa jika ne, yana hawa ɗaya sama da shi. Ido ya riga ya saba cewa na ƙasa shi ne na ƙarshe. Ke nan mai karatu zai tashi da tunanin Abubakar ne ya rufe mulkin Dallazawa, alhali Yero ne. Layi ya kiyaye zamani ya zubar da nasaba, bishiya ta kiyaye nasaba ta rikita zamani. Kuma akwai abin da dukansu biyu suka bari a waje, shi ne layin da ya tafi Sakkwato. Siddiku ba mutuwa ta raba shi da sarauta ba, Sarkin Musulmi ne ya tuɓe shi a 1844. Duk zanen da ya nuna sarauta tana gangarowa cikin gida kamar ruwan indararo, ya manta da hannun da ke naɗawa da tuɓewa.

Babbar asarar miƙaƙƙen layi tana wajen shekarar 1807 kanta. A jerin da aka saba gani, ana gama sunayen sarakunan Haɓe na zuriyar Korau, sai a ja layi a ƙarƙashi, a fara Dallazawa, kamar dai gidan farko ya ƙare ƙurmus. Gidan bai ƙare ba. Waɗanda suka tsira sun yi arewa, bayan 'yan shekaru Ɗan Kasawa ya kafa su a Maraɗi, suka ci gaba da kiran sarkinsu Sarkin Katsina, suka shafe ƙarni na 19 suna yaƙi da masu mulkin birni. Har yau ana cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Idan aka tsallaka iyaka aka nemi jerin sarakuna a can, za a ga layinsu ya miƙe daga Korau zuwa Maraɗi, birnin Katsina ne ya zama reshen da ya balle. Tarihi ɗaya ne, mutane ɗaya, tazara kimanin kilomita 90, amma kowane ɓangare ya ajiye kansa a gangar jikin bishiya. Zanen da ya yi adalci shi ne wanda ya rabu biyu a 1807 kamar gwafa, ba tare da ya miƙar da ɗaya ya karkatar da ɗaya ba. Irinsa kuwa bai cika bayyana ba, wataƙila saboda iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba manhajar makarantu kamar yadda ta raba gonaki.

Zanen da ya fi kowane shiga kan yaran ƙasar Hausa shi ne na Bayajida. Daura a sama, Bawo ƙarƙashi, 'ya'yansa a jere, Kumayau na Katsina, Bagauda na Kano, Gunguma na Zazzau, Duma na Gobir, da na Rano da na Daura, a gefensu Biram ta cika bakwai. Can a wani lungu kuma, ƙarƙashin Karɓagari ɗan ƙwarƙwara, sai Zamfara da Kabi da Yawuri da Nufe da Gwari da Yarabawa da Kwararrafa, waɗanda aka laƙaba wa sunan da ba shi da daɗin ji. Masana tarihi sun daɗe da yin shakka a kan ɗaukar wannan labari a matsayin yadda ƙasashen Hausa suka kafu. Abdullahi Smith ya yi rubutu a kai a 1970, Yusufu Bala Usman kuma, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a Zariya a 1981, ya nuna cewa daular ta taso ne daga bunƙasar garuruwa da sana'o'i da shigowar baƙi daga sassa daban daban. An karanta su, an yi jarrabawa a kansu, amma zanen bai gushe ba, domin hujja shafi ɗari take buƙata, zane kuwa kallo ɗaya ya ishe shi.

Abin lura a nan shi ne aikin da kusanci da nisa suke yi a wannan takarda. Biram, wadda ke can wajen Haɗejiya, tana zaune kafaɗa da kafaɗa da Katsina. Zamfara, wadda ke jingine da Katsina ta yamma, harshe ɗaya, kasuwanni a haɗe, an jefa ta ƙarshen shafi. Abzin ba ta ciki sam, ko da yake ta Agadas ayarin hamada ke saukowa. Barno ta shigo ne kawai ta wajen mahaifiyar Biram. Alhali Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, wanda unguwar Masanawa ke ɗauke da sunansa, asalin gidansu Barno ne, kuma cikin littattafan da ake danganta masa har da wani a kan labarin ƙasar Yarabawa. Watau malamin Katsina na ƙarni na 17 yana da masaniya da sha'awar mutanen da bishiyar ta nisanta. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, kuma da za a zana inda ƙafar Katsinawa ta riƙa zuwa, da takardar ta sake kama ƙwarai.

A nan ne maganar gicciya take dawowa. Dalilin da ya sa bishiya take da daɗin karantawa shi ne, a cikinta kowane suna uba ɗaya gare shi, reshe ba ya komawa ya sadu da reshe, saboda haka layi ba ya haye layi. Wannan tsabta kuwa saye ake yi, kuɗinta shi ne a zubar da duk layin da zai kawo gicciya. Layin da ya fi kowane kawo ta shi ne na aure. A gidajen da ake auren zumunci, kamar yadda yake a yawancin manyan gidajen wannan gari, ɗan wa yakan auri 'yar ƙane, sai rassa biyu su haɗe, bishiya ta zama raga. Mai zane yana da zaɓi uku: ya bar layi ya gicciya, ko ya rubuta sunan matar sau biyu, ko ya cire ta. Kusan kullum na ukun ake yi. Shi ya sa a salsalar da ake ratayewa a zaure da wuya a ga sunan mace, sai ka ce mazan daga sama suka faɗo. A fagen tarihin sarauta wannan yana ɓoye ƙawancen gidaje, domin wane ne kawun yarima tambaya ce mai nauyi a ranar zaɓen sarki. A fagen gado kuwa abin ya wuce tarihi. Uwa da mata da 'ya mace kowace tana da rabonta a shari'a, kuma in an daɗe ba a raba gida ko gona ba har magada suka mutu suka bar magada, takardar da ta zubar da mata tana iya sa dangi su ɗauka wasu ba su da haƙƙi, tun ba a je gaban alƙali ba.

Akwai kuma wani ɗan abu da ya keɓanta da ƙasar da ake karatu iri biyu. Wanda ya tashi da boko daga hagu idonsa yake farawa, saboda haka in ya ga 'ya'ya a jere, na hagu shi ne babba. Wanda ya tashi da allo da ajami daga dama yake farawa, a wurinsa na dama ne wa. Takarda ɗaya za a miƙa wa mutum biyu a zaure ɗaya, ɗaya ya ga ɗan fari inda ɗaya ya ga auta. Haka kuma Bahaushe in zai faɗi nasaba da baki, daga mai rai yake farawa ya hau, wane ɗan wane ɗan wane, zanen boko kuwa daga kaka yake farawa ya gangaro. Lamba ɗaya tak a gefen kowane suna ta isa ta kashe gardamar, amma sau nawa ake sa ta?

Taswirar hanyoyi ma ba ta tsira ba. Shahararren misali shi ne na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, wanda Harry Beck ya zana aka fara rabawa a 1933. Beck mai zanen wayoyin lantarki ne, sai ya miƙar da layukan dogo, ya daidaita tazarar tashoshi, ya yi watsi da ainihin nisan ƙasa. Taswirar ta yi daɗin karantawa har duniya ta kwaikwaya. Amma a 2011 wani masani mai suna Zhan Guo ya nuna cewa fasinjoji da yawa suna bin hanyar da ta fi gajarta a takarda, ko da a ƙasa ita ce ta fi cin lokaci. Irin wannan ne ke faruwa da taswirar fataucin hamada da ake koyarwa a makarantu, inda akan ja layuka daga Tarabulus da Gat da Agadas su taru a Kano, a bar Katsina ɗan ɗigo a gefen hanya. Hoton ya dace da ƙarni na 19. Barth, wanda ya sauko daga Agadas ya shigo Katsina a farkon 1851 zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya tarar ciniki ya koma Kano, amma shi da kansa ya rubuta cewa a ƙarnin da ya gabata Katsina ce babbar kasuwar wannan yanki. Taswirar da ba ta ɗauke da shekara takan sa mai karatu ya zaci yadda ya gani haka abin yake tun fil'azal. Dogo ya iso Kano a 1911, reshensa na yamma ya bi ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda, birnin Katsina bai shiga ba, sai taswirar zamani ta ƙara tabbatar wa ido abin da ta hamada ta fara gaya masa.

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin dogon da zai tashi daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya ya ƙare a Maraɗi. A taswirar wannan aiki Katsina tana tsakanin Kano da Maraɗi, layi ɗaya ya ratsa ukun, kuma Maraɗi da jerin sarakuna ya yanke a 1807 ta dawo kan takarda ɗaya da birnin da sarkinta ke amsa sunansa. Ɗaliban da ke wannan ɗaki, waɗanda yanzu kwamfuta ke shimfiɗa musu zane cikin ƙiftawar ido, suna iya gwada abin da kansu: su ba ta sunayen Dallazawa takwas da layukan nasabarsu, su umurce ta ta jera su sau uku ta hanyoyi daban daban, sa'an nan su kai wa wanda bai san tarihin ba, su tambaye shi wane ne ya gaji Ibrahim, kuma mene ne tsakaninsu.